LIKITA BRUCE-CHWATT: BATUREN DA YA JA DAGA DA SAURO A ƘASAR GWANDU DA ARGUNGU

A watan Disamba na 2024 ne aka soma yi wa yara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Nijeriya, aka kuwa zaɓi jihohi biyu a fara da su, watau Kebbi da Bayelsa. Mai karatu yana iya zaton wannan ne karo na farko da masanan duniya suka mai da hankali kan Birnin Kebbi da Argungu saboda wannan cuta. Ba haka ba ne. Shekara 70 kafin nan, a 1954, an yi wani babban gwaji a wannan ƙasa domin a gane ko za a iya raba mutanen karkarar Afirka da maleriya ta hanyar feshin ɗakuna. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara wannan aiki suka kuma bi sakamakonsa shi ne Likita Leonard Jan Bruce-Chwatt, wanda ya yi shekara 16 yana aiki a Nijeriya, kuma ya rasu a 1989.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Leonard Chwatt a birnin Lodz na ƙasar Folan a 1907. Ya yi karatun likita a Jami'ar Warso, ya gama a 1930. Bayan ya yi aiki a sashen likitocin soja na ƙasarsu, sai ya ƙara karatu a fannin ƙananan ƙwayoyin cuta, sa'an nan ya tafi Faransa inda ya koyi ilmin cututtukan ƙasashe masu zafi.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai ya koma bakin aikinsa na likitan soja a rundunar Folan. Jamusawa suka kama shi, amma ya samu ya kuɓuce, ya kai kansa Ingila. A can ya shiga makarantar nan ta Landan mai koyar da kiwon lafiya da cututtukan ƙasashe masu zafi, ya samu takardar shaidarta. A 1942 rundunar likitocin sojan Ingila ta turo shi Nijeriya domin ya yi aiki a wani ɗakin binciken maleriya na soja.

Dalilin turo shi ba ɓoyayye ba ne. A lokacin yaƙin, jiragen saman Ingila suna bin hanyar da ta taso daga Takoradi ta ƙasar Gana ta yanzu, ta biyo Legas da Kano da Maiduguri, ta nufi Hartum da Alƙahira. Zazzaɓi kuwa yana kwantar da sojoji da matuƙan jirage a Apapa fiye da yadda hukuma za ta iya jurewa. Saboda haka Chwatt ya haɗa kai da wani likita mai suna Alan Gilroy, suka duƙufa kan janye ruwan fadamun bakin teku da ke kewaye da Legas. An haƙa magudanai, an yi ganuwa da ƙofofi masu barin ruwa ya fita su hana na teku shigowa. Chwatt shi ne ya yi nazarin irin sauron da ke hayayyafa a wannan ruwa mai gishiri-gishiri. A nan ya fara koyon darasin da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa, watau ba a yaƙar sauro sai an san inda yake ƙyanƙyasa, da inda yake hutawa, da lokacin da yake cizo.

Bayan yaƙi bai koma Folan ba. Ya shiga aikin lafiya na gwamnatin mulkin mallaka a Nijeriya a 1946. A 1948 ya zama ɗan ƙasar Ingila, ya kuma auri Joan Bruce, ya haɗa sunan gidansu da nasa. Daga nan aka san shi da Bruce-Chwatt.

OFISHIN MALERIYA NA YABA

A 1949 ne ya kafa Ofishin Yaƙi da Maleriya na Nijeriya a Yaba, ya shugabance shi har 1958. Abin da ya fara sa wa gaba shi ne sanin girman ɓarnar. Kafin lokacin, yawancin abin da Turawa suka rubuta game da maleriya a Afirka ta Yamma a kan lafiyar Turawa ne da sojoji. Shi kuwa sai ya juya ga jarirai da ƙananan yaran ƙasa. Ya auna jininsu da madubin likita, ya lalubi saifarsu don ya ga ko ta kumbura, ya kuma bi bayanan mace-macen yara a Legas. Rahoton da ya buga a 1952 ya nuna cewa cutar tana cikin manyan abubuwan da ke kashe yara, kuma idan ƙwayoyinta suka taru a mabiyiyar mace mai ciki, jaririn yakan zo da ƙarancin nauyi. Ƙiyasin nan da aka daɗe ana ambatawa, cewa maleriya tana kashe yara wajen miliyan ɗaya a Afirka kowace shekara, daga wannan aiki nasa ya samo tushe.

Wannan bincike yana da muhimmanci domin a lokacin masana sun rabu biyu. Wasu suna ganin manyan mutanen Afirka sun riga sun saba da cutar tun suna yara, saboda haka idan aka rage ta ba a kawar da ita ba, wannan sabo zai gushe, annoba ta biyo baya. Wasu kuwa suna ganin ba daidai ba ne a zuba ido yara suna mutuwa don waɗanda suka tsira su samu ƙarfin jiki. An yi wannan muhawara a taron da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira a Kampala a 1950, inda a ƙarshe aka tsai da shawarar a yaƙi cutar da magungunan zamani duk yadda ta kai da yawa a wuri.

Gwajin farko da ofishinsa ya yi shi ne na garin Ilaro a ƙasar Yarabawa, daga 1949 zuwa 1953. An yi ta fesa maganin BHC a ɗakunan garin. Sauro ya ragu, zazzaɓi ya ragu, amma cutar ba ta yanke ba. Abin da ya rage a sani shi ne yadda al'amarin zai kasance a faffaɗar ƙasar Arewa, inda ƙauyuka suke warwatse, damina kuma gajeriya ce.

GWAJIN YAMMACIN SAKKWATO

Ƙasar da aka zaɓa ita ce yammacin Lardin Sakkwato, a masarautun Gwandu da Argungu, wadda ta zama zuciyar Jihar Kebbi da aka ƙirƙira a 1991. Duk wanda ya san wurin ya san dalili. Gulbin Rima yana malala kan fadama mai faɗi kowace damina, ya bar tafkuna da kududdufai. Wannan fadama ita ce arzikin ƙasar, daga gare ta ake samun shinkafa da kifi da makiyayar shanu, kuma ita ce mahaifar sauro. Mutane sun daɗe da sanin masassarar da ke zuwa da damina ta tsananta da kaka, daidai lokacin da manomi ya fi bukatar ƙarfinsa.

An fara aikin a 1954, shekarar da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya zama Firimiyan Jihar Arewa, kuma shekarar da Alhaji Haruna ya hau gadon sarautar Gwandu. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta ɗauki nauyinsa tare da ofishin Yaba, da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya. Hedkwatar aikin tana Birnin Kebbi. Faɗin ƙasar da aka fara da ita ya kai wajen murabba'in mil 600, mutanenta kuwa sun haura 120,000. Likita H. M. Archibald yana cikin manyan waɗanda suka tsaya kan aikin, kuma shi da Bruce-Chwatt ne suka rubuta rahoton shekaru huɗun farko.

Dabarar aikin mai sauƙin fahimta ce. Macen sauro irin wadda ake kira anofilis ita ce ke ɗaukar cutar. Idan ta sha jinin mai zazzaɓi, sai ƙwayar cutar ta yi wajen kwana 10 zuwa 14 a cikinta kafin ta iya sa wa wani. Ita kuwa al'adarta ce idan ta ƙoshi ta sauka jikin bango ko rufin ɗaki ta huta. To, idan aka shafe bangon da maganin da ke daɗewa, za ta mutu kafin ƙwayar ta nuna. Ba a bukatar a kashe sauro duka. Abin nema shi ne a gajarta kwanansa. An raba ƙasar kashi uku, aka ba kowane kashi maganinsa: DDT, da dildirin, da BHC, wanda dangin maganin nan ne da manoma suka sani daga baya da sunan gamalin. Masu feshi suka riƙa bin ƙauyuka gida-gida, ma'aikatan lafiya kuma suna ɗibar jinin jarirai da yara ana dubawa.

Da farko sakamakon ya faranta rai. Sauro ya ragu ƙwarai a cikin ɗakuna, yawan yaran da ake samun ƙwayar cutar a jininsu ya sauka.

SAURON AMBURSA

Kafin 1955 ta ƙare, sai aka lura da wani abu a yankin da ake fesa dildirin. Sauro ya dawo, yana zaune daram a jikin bangon da aka fesa wa magani. Masanan ƙwari biyu, R. Elliott da V. Ramakrishna, suka gwada suka tabbatar cewa maganin ya daina kashe shi, suka buga labarin a 1956. Wannan ne karo na farko da aka tabbatar cewa babban sauron maleriya na Afirka, wanda masana ke kira anofilis gambiye, ya daina jin maganin feshi.

An aika da ƙwayayen sauro daga Ambursa, garin nan na kusa da Birnin Kebbi inda filin jirgin saman jihar yake a yanzu, zuwa Cibiyar Ross da ke Landan. A can wani masani mai suna George Davidson ya yi kiwonsu, ya haɗa su barbara da sauron da magani ke kashewa. Ya gano cewa wannan taurin kai gado ne, yana bin jini daga iyaye zuwa 'ya'ya bisa ƙa'ida mai sauƙi. Ma'anar wannan ita ce ba feshi ne ya koya wa sauro jure magani ba. Tun asali akwai 'yan kaɗan masu wannan hali a cikinsu. Da magani ya kashe sauran, sai su suka rage suka hayayyafa suka cika wuri. An kuma gane cewa sauron da ya fi ƙarfin dildirin yakan fi ƙarfin BHC. Irin wannan haɗa barbara ne daga baya ya kai Davidson ga gano cewa abin da ake ɗauka sauro iri ɗaya ne, ashe iri-iri ne masu kama da juna, kowane da halinsa. Ta haka sunan Ambursa ya shiga littattafan ilmin ƙwari na duniya.

Masu aikin ba su ajiye kayansu ba. An koma ga DDT, an kuma faɗaɗa feshin ya game dubban ɗaruruwan mutane. Daga 1957 zuwa 1959 Likita Archibald ya gwada raba wa jama'a gaba ɗaya ƙwayoyin kulorokwin da firimetamin a Argungu da waɗansu ƙauyuka. Ƙwayar cutar takan ragu a jinin mutane muddin ana shan maganin, amma da an dakata sai ta dawo.

A ƙarshe dai gaskiya ta fito: an rage cutar, an ceci rayuka, amma ba a yanke yaɗuwarta ba. Dalilan suna da yawa. Bangon ƙasa yana shanye magani. Ana sabunta jinka da yaɓe bayan masu feshi sun wuce. Da bazara mutane suna kwana a waje. Manoma suna da bukkokin gona, masunta da makiyaya kuma ba sa zama wuri ɗaya. Wani sauron yana cizo ya fice ba tare da ya taɓa bango ba. Fiye da duka, sauron wannan ƙasa yana da yawa, yana son jinin mutum, yana kuma da tsawon kwana, har ya zama ko kaɗan ne ya tsira ya isa ya ci gaba da yaɗa cutar.

A HUKUMAR LAFIYA TA DUNIYA

A 1955, shekarar da sauron Ambursa ya bayyana, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da maleriya daga duniya a taronta na birnin Meziko. Tsoron kada sauro ya fi ƙarfin magunguna yana cikin abin da ya sa aka yi gaggawa. A 1958 aka kira Bruce-Chwatt zuwa hedkwatar hukumar a Janeba, ya shugabanci sashen bincike na wannan shiri har shekara 10.

Shirin ya yi nasara a wurare da dama. An kawar da cutar daga kudancin Turai da waɗansu tsibirai, a Indiya kuma ta ragu ƙwarai da gaske. Amma a Silon, wadda ake kira Siri Lanka yanzu, bayan masu cutar sun ragu zuwa mutum 17 kacal a 1963, sai aka sassauta, annoba ta dawo a 1968 da 1969 ta kama dubban ɗaruruwa. Yawancin ƙasashen Afirka na kudu da Sahara kuwa ba su shiga shirin sosai ba, sai dai gwaje-gwaje irin na Birnin Kebbi. A 1969 hukumar ta sake shawara, ta yarda cewa inda kawarwa ba za ta yiwu nan kusa ba, a mai da hankali ga rage cutar.

Bruce-Chwatt ya yi rubutu da yawa a kan wannan juyi. Ra'ayinsa, wanda abin da ya gani a Nijeriya ya ƙarfafa, shi ne makami ɗaya ba ya isa, kuma ba a kawar da maleriya a ƙasar da ba ta da ƙananan asibitoci da ma'aikatan da za su gano mai zazzaɓi su ba shi magani a kan kari. Babban binciken da aka yi a Garki, cikin Jihar Kano ta lokacin, daga 1969 zuwa 1976, ya ƙara tabbatar da haka. An haɗa feshi da raba magani, cutar ta faɗi ƙasa ƙwarai, amma ba ta yanke ba, kuma ta koma yadda take bayan an daina.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Da ya bar Janeba a 1968, sai ya koma Landan ya zama farfesa kuma shugaban Cibiyar Ross, watau wurin da aka yi nazarin sauron Ambursa. Ya riƙe wannan muƙami har 1974, ya koyar da ɗalibai daga ƙasashe da yawa. A 1971 aka ba shi lambar Darling, wadda ake bai wa waɗanda suka yi fice a binciken maleriya. Bayan ya yi ritaya ya ci gaba da aiki a cibiyar Wellcome, yana rubutu kan tarihin cutar da magungunanta. A 1980 ya fitar da littafinsa Essential Malariology, wanda likitoci suka daɗe suna karatu da shi, a wannan shekara kuma shi da Julian de Zulueta suka wallafa tarihin yadda maleriya ta bunƙasa ta kuma gushe a Turai. Ya rasu a watan Mayu na 1989 yana da shekara 81.

INDA AKA KWANA

Bayan rasuwarsa al'amarin ya ƙara muni kafin ya gyaru, domin kulorokwin, wanda aka dogara da shi shekara da shekaru, ya daina aiki a yawancin Afirka. A watan Afrilu na 2000 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin rage ɓarnar cutar. Daga nan aka shiga raba gidan sauro mai magani, da gwajin jini na nan take, da sababbin magunguna masu sinadarin atemisinin, wanda wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta samu lambar Nobel a 2015 saboda gano shi. Tun 2012 kuma hukumar ta ba da shawarar a riƙa ba yaran ƙasashen Sahel maganin rigakafi wata-wata a lokacin damina.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa daga 2000 zuwa 2023 an kauce wa mutuwar mutum miliyan 12.7. An ba Aljeriya takardar shaidar rabuwa da cutar a 2019, Sin a 2021, Kef Bade da Masar a 2024. Ita ma Siri Lanka ta samu tata a 2016. Duk da haka, a 2023 an samu masu cutar wajen miliyan 263 a duniya, mutum 597,000 suka mutu, kuma kashi 95 cikin 100 na mamatan a Afirka suke. Nijeriya kaɗai ta ɗauki fiye da rubu'in masu cutar, da kusan sulusin mamatan.

A cikin gida, binciken da aka yi a 2010 ya nuna kashi 42 cikin 100 na ƙananan yaran Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar cutar, a 2021 kuwa adadin ya sauko zuwa kashi 22. Amma a wannan bincike na 2021 Jihar Kebbi ce ta fi kowace jiha, da kashi 49 cikin 100. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka fara allurar rigakafin R21 da ita. Allurar tana rage kamuwa da tsananin cutar ga yara, amma ba ta maye gurbin gidan sauro ko zuwa asibiti, kuma sai an kai yaro ya karɓi dukkan zagayenta huɗu kafin ta yi cikakken amfani.

Matsalar da ta fara bayyana a Ambursa ma ba ta gushe ba, sai dai ta sake kama. Sauro a ƙasashen Afirka da yawa ya daina jin maganin da aka daɗe ana sa wa gidan sauro, abin da ya sa aka ƙirƙiro gidaje masu magani iri biyu. A Ruwanda da Yuganda da Iritiriya an ga alamun ƙwayar cutar ta fara jure atemisinin. A 2020 kuma an gano wani baƙon sauro ɗan asalin Asiya a Jihar Gombe, mai iya hayayyafa a tankuna da randunan cikin gari.

Saboda haka darasin da Likita Bruce-Chwatt da abokan aikinsa suka koya a fadamar Rima yana nan da amfaninsa ga ma'aikacin gwamnati mai tsara kasafin kuɗi da ɗalibin da zai gaje shi. Kawar da maleriya abu ne mai yiwuwa, tun da ƙasashe fiye da 40 sun yi. Amma a ƙasa irin ta Gwandu da Argungu aikin yana bukatar a haɗa makamai da yawa, a riƙa auna sauro da jinin yara kowace shekara don a san ko magani yana ci, a ƙarfafa asibitin ƙauye, sa'an nan kada a janye kuɗi da ma'aikata don an ga cutar ta lafa. Tarihin 1954 ya nuna cewa rage cutar ba shi ne mai wuya ba. Riƙe abin da aka samu har a kai ga gaci shi ne aikin.